Ƙarin Ruwan Kemo: Jagora ga Mara Lafiya da Mai Jinya a Ƙasar Daura

Duk wanda likita ya rubuta wa kemo a ƙasar Daura, tafiya ta kama shi. Maganin ciwon daji da ake sawa ta jijiya ba irin ƙarin ruwan da ake rataya wa mai amai da gudawa ba ne, balle a ce ɗan kemis ya zo gida ya ɗaura. Sai a cibiyar da ke da likitan ciwon daji, da mai haɗa maganin, da nas ɗin da ta saba da aikin. Mafi kusa ita ce ta Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, wadda aka buɗe a watan Yulin 2025, tafiyar kimanin kilomita 80 ta Mashi. Wasu kuma daga Zango, Baure, Sandamu da Mai'adua Kano suke nufa ta Kazaure, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko su zarce Shika ta Zariya, inda fayil ɗinsu yake tun farko.

Wannan nisan shi ne tushen duk abin da zan faɗa. A yawancin tsare-tsare, yini ɗaya mara lafiya yake yi a gaban likita cikin kowane mako uku. Sauran kwana 20 ɗin yana gida, a hannun 'yan uwa, kuma a cikinsu ne haɗari ya fi yawa. Likita ba ya ganin abin da ke faruwa a ɗaki da tsakar dare. Sai abin da aka lura da shi, aka kuma faɗa masa da wuri.

Aikin maganin shi ne kashe ƙwayoyin halittar da ke saurin hayayyafa. Na daji suna cikinsu, amma haka ma na tushen gashi, da na fatar cikin baki, da na hanji, da na ɓargo inda ake ƙera jini. Kamar feshin ciyawa ne a gonar gero: ciyawar ake nufi, amma geron ma sai ya ɗan yi yaushi, dole a ba shi kwanaki ya miƙe kafin a sake. Shi ya sa ake bayar da kemo zagaye-zagaye, sau huɗu ko shida ko takwas, da hutu a tsakani.

Kafin a ɗaura

Ba a fara kemo don an taɓa ƙullutu an ji tauri. Sai an gutsuri tsokar an auna ta, sakamako ya nuna daji ne, ya kuma nuna irinsa, domin maganin sankarar mama daban, na bakin mahaifa daban. Wanda ya ce zai fara ba tare da wannan takarda ba, a tashi daga wurinsa.

Daga nan sai gwajin jini, kuma kafin kowane zagaye ake maimaita shi, ba na farko kaɗai ba. Ana duba yawan jini, da fararen ƙwayoyin da ke yaƙi da cuta, da ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini, da lafiyar ƙoda da hanta. Galibi likita yana son ganin irin fararen ƙwayoyin nan masu kai farmakin farko sun kai 1,500, masu tsayar da jini kuma 100,000. In ba su kai ba, zai ce a koma gida a dawo bayan mako guda. Na san zafin abin ga wanda ya biya kuɗin mota tun daga Baure, amma kada a roƙe shi ya daure ya saka. Dabara ita ce a tambaya ko za a iya yin gwajin a Daura kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, a tura hoton sakamakon ta waya, in ya so a san ko a taso ko a zauna.

Akwai gwaje-gwajen da ake yi tun farko waɗanda mutane ke ganin ƙarin kashe kuɗi ne. Na ciwon hanta nau'in B yana cikinsu. Ƙwayar tana kwance a jikin mutane da yawa a ƙasar nan ba su sani ba, kemo kuwa yana iya tayar da ita ta lalata hanta, alhali akwai ƙwayar magani da ake fara sha tun kafin nan ta hana. Haka gwajin cutar da ke karya garkuwar jiki, da gwajin ciki ga duk macen da ba ta daina al'ada ba. Wanda za a ba Doxorubicin, jan maganin nan, kuma ana ɗaukar hoton zuciyarsa, don maganin yana gajiyar da ita, kuma yana da iyakar da ba a wucewa a tsawon rayuwa, tsakanin miligiram 450 zuwa 550 a kan kowace murabba'in mita ta faɗin jiki. Wannan ya sa wanda ya fara a Kano ko Zariya yana son dawowa Katsina, dole ya zo da takardar da ke nuna sunan kowane magani da yawan da aka riga aka sa masa. "An sa mini ja sau uku" bai isa lissafi ba.

Da tsawo da nauyi ake lissafa yawan maganin, don haka a hau sikeli kowane zuwa. In mara lafiya ya rame sosai tsakanin zagaye biyu, a faɗa, kada a sa masa na tsohon nauyinsa.

Sai maganar da aka fi ɓoyewa. Da wuya a sami gidan da aka ce daji ne ba a kawo jiƙo ko gari ko sassaƙe ba. A kwaso su duka a leda, har da magungunan Musulunci da na hawan jini da na sukari, a zube wa likita a kan tebur. Ba faɗa zai yi ba, in ma ya yi, da sauƙi. Hanta da ƙoda su ne ke fitar da kemo daga jiki. Jiƙon da ba a san abin da ke cikinsa ba yana iya raunana su, maganin ya taru ya zama guba. Addu'a da tofi ba sa karo da kowane magani. Abin da ake haɗiya shi ne abin tambaya.

Game da sayen maganin, kantin asibitin ya fi aminci. In an ce a nemo a waje, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a karɓi rasit, a kuma tambayi mai kantin ko na firiji ne. Vincristine da Doxorubicin na ruwa sanyi suke so, tsakanin digiri 2 zuwa 8. A sa su a kula da ƙanƙara naɗe da tsumma, kada kwalbar ta taɓa ƙanƙarar, kada kuma a jefa su but ɗin mota a ranar bazara. Wanda kuɗi ya yi wa tsaye ya nemi ofishin walwalar marasa lafiya ya tambayi Asusun Tallafin Ciwon Daji na gwamnatin tarayya, wanda ya fara aiki a 2021 kan sankarar mama da bakin mahaifa da ta mafitsarar maza. Asibitin Shika na cikin waɗanda aka fara da su.

Ranar ɗaurawa

A yi sammako, a ci abu mara nauyi, koko da ƙosai kaɗan ko shayi da burodi. A sha ruwa sosai tun jiya, jijiya ta fi fitowa. Riga mai faɗin hannu. Mata su haƙura da lalle a hannu da dantse a makon, domin nas tana buƙatar ganin jijiya da launin fata. Wadda aka yi wa aikin mama aka cire kaluluwar hammata ta miƙa ɗaya hannun.

Kafin a rataya kowace leda, a karanta sunan da ke jiki. A ɗakin da ake da Hauwa uku da Aisha huɗu, wannan ba raini ba ne ga kowa. Mai jinyar da ya iya karatu ya duba suna da lambar kati, ya tambayi sunan maganin, ya rubuta a littafinsa.

Za a fara da allurar hana amai, wani lokaci da ta hana jiki bore. Sannan kanula. Sabuwa ake sawa a ranar, kuma an fi son tsakiyar dantse, ba bayan tafin hannu ko wuyan hannu ko lanƙwasar gwiwar hannu ba, saboda a can nama ba shi da kauri kuma motsi yana tuge ta. Nas za ta ja ta ga jini ya dawo, ta tura ruwan gishiri ta ga ya wuce ba kumburi, sannan ta haɗa maganin. Wanda jijiyoyinsa suka ƙi, akwai 'yar na'urar da ake dasawa ƙarƙashin fatar ƙirji a riƙa sawa ta nan. A tambayi likita.

A nan zan tsaya in ja kunne. Mun taso ana yabon mai dauriya, ana ba da labarin wadda ta haihu ba a ji ko tarinta ba. A kan kujerar kemo wannan halin yana iya cin hannu. Wasu magungunan, musamman jan nan Doxorubicin da kuma Vincristine, in suka zurare daga jijiya suka shiga nama, ƙona shi suke yi. Da farko ɗan zugi ne, ko raɗaɗi, ko wurin ya ɗan tasa, ko ɗigon ya rage gudu. Bayan kwanaki sai ja da bororo, bayan makonni gyambon da wani lokaci sai an yi dashen fata. Shi ya sa nas take zama kusa ta tura jan a hankali da sirinji, tana duban hannun, tana tambaya, "Inna, ba kya jin zafi?" Inna kuwa, don kada ta wahalar da yarinya, sai ta ce, "Ba komai, 'yar nan, ci gaba." Amsar da ake so ita ce gaskiya, tun zafin yana ƙanƙane: "Sista, tsaya, wurin nan yana yi mini zugi."

In haka ta faru, ana tsayar da ruwan nan take, amma ba a fizge kanular. Ta cikinta nas za ta zuƙo abin da za ta iya, sannan ta cire, ta zagaye wurin da biro, a ɗaga hannun. Na Doxorubicin sanyi ake ɗora masa, na Vincristine ɗumi, don haka kada ɗan rakiya ya yi gaban kansa da ruwan zafi ko man zafi ko murzawa. Akwai allurar da ke rage ɓarnar jan maganin, amma cikin awa shida na farko take aiki. In sai an dawo Daura aka ga wurin ya yi ja ko ya tasa, a ɗauki hoto a tura, a kira a ranar.

Paclitaxel nasa salon daban ne. A mintuna goma zuwa sha biyar na farko jiki kan yi masa bore: fuska ta ɗau zafi, ƙirji ya matse, baya ya riƙe, numfashi ya yi wuya. Mai jinya kada ya zaɓi wannan lokacin ya fita sayen ruwa ko amsa waya. Cisplatin, wanda ake yawan haɗawa da gashin na'ura ga masu sankarar bakin mahaifa, ƙoda yake taɓawa, shi ya sa ake sa ledojin ruwa kafinsa da bayansa har mutum ya ƙosa. Ba ɓata lokaci ba ne.

Kuma don Allah kada a taɓa 'yar tayar da ke jikin robar. La'asar ta yi, ana tunanin motar Daura da hanyar dare, sai hannu ya kai a ɗan ƙara gudu. Wanda aka ce awa uku, awa ukun ne. Saurinsa yana iya jefa mutum cikin halin da ba a zo da shi ba. Gara a shirya kwana a Katsina ko Kano wurin dangi, musamman a zagayen farko. Kafin a bar asibiti a karɓi abu uku: magungunan sha da bayanin yadda ake shan su, lambar wayar da za a kira ko da dare, da takardar da ta nuna an sa kemo kaza ranar kaza.

Bayan an dawo gida

Kwana biyun farko maganin yana fita ta fitsari da bayan gida da amai. Wanda aka sa wa ja zai ga fitsarinsa ya yi ja yini ɗaya ko biyu, launin maganin ne. Namiji ya tsuguna in zai yi fitsari, a kora da ruwa mai yawa, a wanke hannu da sabulu. In fo ake amfani da shi, mai zubarwa ta sa safar roba, kuma kada ta kasance mai ciki ko mai shayarwa. Kayan da suka ɓaci a wanke su daban. Ban da wannan, mara lafiya ba abin gudu ba ne. A ci abinci tare, jikoki su zauna kusa da shi. Daji ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, ware masa kwano da ɗaki ƙarin ciwo ne kawai.

Maganin hana amai a sha shi a kan lokacin da aka rubuta, ba sai zuciya ta fara tashi ba. Yakan sa bayan gida ya yi tauri, a taimaka da gwanda da miyar kuka ko kuɓewa. Ruwa lita biyu zuwa uku a yini, sai in likita ya taƙaita saboda zuciya ko ƙoda. Wanda aka sa wa Cyclophosphamide ya ƙara da yawan fitsari, kada ya riƙe, don maganin yana cin mafitsara in ya daɗe a ciki. A watan Afrilu, lokacin da zafin Daura ke haura digiri 40, wannan lissafin ma kaɗan ne. Azumi a ranar ɗaurawa da kwanakin da ke biye ba dabara ba ce, shari'a kuma ta ba mara lafiya uzuri. Sauran kwanakin a tambayi likita.

Baki yakan yi miki. A ajiye asawaki mai tauri da tsinken sakace, a koma buroshi mai laushi. A zuba ƙaramin cokali ɗaya na gishiri a rabin litar tafasasshen ruwa, a kurkure bayan kowane cin abinci; mai mantuwa ya haɗa shi da alwala, ya samu sau biyar ke nan. Gashi yana fara zuba tsakanin mako na biyu da na uku, kuma yana dawowa bayan an gama. A sassauta kitso ko a rage gashin tun da wuri. Aski da sabuwar reza ko injin mutum na kansa. Ƙaho da tsaga da sakiya a jingine su gaba ɗaya har a gama.

Abinci, ƙa'idar ɗaya ce: dafaffe, mai zafi, na gida. Nama da kifi da ƙwai da wake duk ana so, masu cewa nama yana ciyar da daji suna ƙara ramar da mutum ne kawai. Na san raba Badauri da fura aiki ne, ba kuma sai an raba ba: a tafasa madarar a gida kafin a kwantar da ita, a dama da tafasasshen ruwa. Abin da za a bari shi ne nonon talla, da kankana ko abarbar da aka yanka aka ɗaure a leda, da ɗanyen latas da kabeji, da tsiren da ya huce a kan tire.

Yanzu ga babbar magana. Tsakanin kwana na 7 da na 14 bayan ɗaurawa, fararen ƙwayoyin jini suna faɗuwa ƙasa warwas, sau da yawa a daidai lokacin da amai ya tsaya, mutum ya fara jin daɗin jikinsa, har yana shirin zuwa suna ko kasuwar Mai'adua. A waɗannan kwanakin, ƙwayar cutar da mai lafiya ba zai ma ji ta ba tana iya shiga jini ta kai mutum kushewa cikin sa'o'i. Alamar farko, wani lokaci ma ita kaɗai, zazzaɓi ce. Don haka ma'aunin zafin jiki ya zama dole a gidan. A auna safe da yamma, da duk lokacin da aka ji sanyi ko kasala.

In ya nuna 38 ko sama, ko mutum yana karkarwa, ko ya galabaita ko ya rikice ko da ma'aunin bai hau ba, asibiti za a nufa a lokacin, ko ƙarfe biyun dare ne. Mu nan duk zazzaɓi na sauro ne a wurinmu, a sha farasitamol, a aika kemis, a ga abin da safiya za ta yi. Farasitamol yana sauke zafin ya bar cutar tana aikinta a ɓoye, don haka a auna kafin a sha. Kada kuma a ce sai an kai Kano ko Zariya. A shiga asibiti mafi kusa, asibitin garin Daura ko wanda ya fi kusa da ƙauyen, a miƙa takardar nan tun a bakin ƙofa, a ce, "Likita, kemo aka sa mata kwana tara da suka wuce, ga zafin jikinta." Abin da ake buƙata shi ne gwajin jini har da na zazzaɓin sauro, da allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin awa guda, ba tare da jiran sakamako ba. Mai jinya ya kira lambar cibiyar ya haɗa likitocin biyu su yi magana.

Haka za a tashi in an ga haɓon da ya ƙi tsayawa, ko baƙin bayan gida, ko aman da ya hana ruwa zama yini guda, ko gudawa fiye da sau huɗu, ko fitsari ya ɗauke daga safe zuwa dare, ko numfashi ya yi wuya, ko ƙafa ɗaya ta kumbura. Diclofenac da ibuprofen da asfirin, da allurar ɗuwawu a kemis, a bar su sai da izinin likita.

Dubiya alheri ce, amma a makon nan na biyu a rage ta. Mai tari da mura, da yaron da ke da ƙyanda ko ƙarambau, su yi gaisuwa ta waya. Maigida ko babbar 'ya su ɗauki nauyin faɗa wa mutane, don mara lafiya ba zai iya korar baƙo ba. A kwana cikin gidan sauro kullum.

Mai shayarwa za ta yaye kafin a fara, domin maganin yana bin nono. Ciki kuma ba a so a ɗauka, ko matar ce ke karɓa ko mijin, har a gama da wasu watanni bayan nan da likita zai ƙayyade. A makon farko na kowane zagaye a yi amfani da kororon roba. Masu fatan haihuwa nan gaba su yi wannan tambayar tun kafin ledar farko, ko da kunya, saboda wasu magungunan suna taɓa haihuwa.

Bayan zagaye na biyu ko na uku ƙullutun yakan ragu, wani ma ya ɓace a hannu. A nan da yawa ke tsayawa, wasu don murna, wasu don an sayar da abin sayarwa ya ƙare. Abin da ya rage a ciki ba ya taɓuwa da hannu, kuma in ya dawo yakan fi taurin kai. In kuɗi ne, ko damina ta yanke hanya, ko jiki ya gaza, a kira cibiyar kafin ranar a faɗi dalilin. Likita yana iya ɗaga ranar da 'yan kwanaki, ko ya rage yawan maganin, ko ya canza zuwa wani mai sauƙin kuɗi, ko ya tura ofishin walwala. A zo masa da littafin mai jinya, wanda aka rubuta zafin jiki na kowace rana, da ranar da amai ya tsaya, da ko yatsu sun fara dindiris ko kunne yana ƙara, don da su zai daidaita zagaye na gaba.